Kuskure Biyu a Kan Allo

Tun makon farko da na fara karatu a jami'ar nan ta ƙasar waje na lura Farfesa yana kuskure a allo. Dattijo ne mai furfura fat, ya girmi mahaifina nesa ba kusa ba, shi ke koya mana lissafin gudun ruwa a cikin bututu. Kowane darasi sai ya zame a wani wuri, ya sa alamar ɗebewa inda ya kamata a tara, ko ya manta wata lamba a baya. Ni dai sai in sunkuyar da kai in gyara a littafina, in ce a raina, Allah sarki, tsufa.

'Yan ajin ne suka fi ba ni haushi. Sunansa suke kira gatsal, kamar tare aka yi musu yaye. Akwai wani da na laƙaba wa Dogo, kullum da hular keke a hannu, ya miƙe ƙafafu a kan kujerar gabansa yana gatsar tuffa. Shi ne zai ɗaga murya ya ce, “Ka yi kuskure a layin can.” Ko ɗan “gafara dai” babu. Farfesa ya yi murmushi ya goge, ni kuma kunya ta rufe ni a madadinsa. Har na ɓullo da dabara. Da na hango Dogo zai buɗe baki sai in riga shi, in tambayi ranar jarrabawa ko wani abu maras kai, don dai a wuce wurin. A ganina asirin dattijo nake rufawa.

A tsarinsu, dole kowane ɗalibi ya sami malamin da zai duba bincikensa kafin zango ya ƙare. Wanda bai samu ba sai ya tattara ya koma gida. Fannin da aka turo ni in karanta kuwa Farfesa kaɗai ke yin sa, gurbi ɗaya kuma ya rage a wurinsa. Na je ofishinsa neman gurbin. Da hannunsa ya zuba mini shayi, abin da ya ƙara ruɗa ni, na rasa ko in karɓa ko in ce ya bari in zuba masa.

“Ba zan ɓoye miki ba,” in ji shi, “yaron nan mai keke nake shirin ɗauka. Takardunki suna da kyau, amma a aji ba kya ganin kuskure. Da gangan nake saka guda a kowane darasi don in ga mai ido. Ke kuwa da an zo wurin sai ki tambayi ranar jarrabawa.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. “Ina gani, ranka ya daɗe. Wallahi duk ina gani.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“A gaban mutane?”

Ya daɗe yana kallona, kuma na tabbata bai gane abin da nake nufi ba. “Injiniyar da ta ga kuskure ta yi shiru, unguwa guda za ta bari ba ruwa. Darasi ɗaya ya rage mana. Ki faɗa a gaban kowa, in ji da kunnena.”

Da na koma ɗaki na kira Yayata a waya, ko zan sami mai ƙarfafa mini gwiwa. Dariya ta yi ta yi. “Ke ɗin? Ke da ko Baba ya kira ki da sunan Auta amsawa kike yi don kar ya ji kunya?” Da ta gama dariyar sai ta ce, “Ki faɗa mana, ai shi ya nema. Amma ki sassauta murya, babba ne.” Na kashe wayar ban ƙaru da komai ba.

Ranar darasin na zauna a gaba. Farfesa ya cika allo da lissafi, ina bin hannunsa layi layi. Can wajen tsakiya na ga kuskuren, alama ce ya juya. Ina tattara ƙarfin ɗaga hannu, sai ga wani a ƙasa, wanda ya fi na farko muni: ya ɗauko lambar wani bututu ya saka wa wani. Guda ya ce yana sakawa. Na rasa wanne ne nasa na gangan. Dogo ya fara gyara zama a bayana, na ji ƙarar kujerarsa, na san idan na ƙara jinkiri shi ke nan.

Na miƙe tsaye, abin da ba wanda ke yi a ajin. Na zaɓi babban. Na ce, “Ranka ya daɗe, lambar nan ta ƙasa ba ta wannan bututun ba ce.”

Ya juya yana murmushi, ya kai hannu wajen kuskuren tsakiya, sannan ya tsaya. Ya bi yatsana da ido zuwa ƙasa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya karanta layin, ya koma sama ya sake gangarowa, leɓunansa suna motsi. Ko Dogo ya daina tauna.

“Wannan ba ni na saka shi ba,” ya faɗa a hankali, kamar da allon yake magana. Ya ce mini na gode, ya sallame mu lokaci bai yi ba.

Washegari na koma ofishinsa na tarar yana zuba littattafai a kwali. Wannan karon babu shayi. Ya ce ya daɗe yana zargin mantuwa ta fara kama shi, matarsa ma ta sha yi masa magana yana musu. Zai je likita ya duba shi, kuma bana ba zai ɗauki kowa ba, ko ni ko mai keke, don ba zai sa hannu a aikin da ba shi da tabbacin zai iya dubawa ba.

“Idonki yana da kyau,” ya ce. “Kin yi daidai.”

Na so in roƙe shi, na so in ba shi haƙuri, na rasa da wanne zan fara. Ya sunkuya zai ɗaga kwalin, ya yi masa nauyi. Na karɓa na bi shi da shi har bakin motarsa.