Katin Ruwan Ɗorawa

Ni ban sayen abu sai na auna shi. Shekara ashirin ina walda a Jos, ko ƙusa ba a taɓa cuta ta a kanta ba. Saboda haka da yarana suka nace da zancen Lambun Dantong bayan ƙaramar sallar 2006, ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na zauna na yi lissafi.

Lambun yana hanyar Kuru, a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Akwai kwale-kwale, da lilo, da dawaki biyu, da ɗakunan kwana. Mu biyar ne: ni, da matata Tabawa, da Jabir, da Salma, da Rahma. Idan a ƙofa za mu riƙa biya, kowane sati dubu ɗaya da ɗari huɗu. Katin iyali na sati goma sha biyu kuwa dubu goma. Ɗaki dubu ɗaya da ɗari biyar ne kwana ɗaya, amma in ka kama shi na zangon gaba ɗaya, dubu goma sha biyu. Tabawa ta ce ɗakin ɓarna ne, Kuru ba Makka ba ce, mu riƙa dawowa gida. Na tuna mata layin mai, da yadda tsohuwar fijo ɗina take shan fetur kamar rami. Tunda Asabar da Lahadi za mu riƙa yi a can, zuwa ɗaya da kwana ɗaya ya fi zuwa biyu araha. Ta ce ai ni dama in na ƙirga abu, ko liman bai isa ya warware ba.

Na kai musu dubu ashirin da biyu, suka ba ni rasiti, suka ce ranar Asabar mu zo da katin makarantar yara.

Ranar Asabar muka iso da kular shinkafa da barguna. Mai ba da katin wata mata ce, Madam Suzana, tana zaune a bayan taga. Ta rataya wa Jabir koren kati a wuya, ta rataya wa Salma. Da ta zo kan Rahma sai ta tsaya tana juya katin makarantar.

"Oga, wannan sunan baban shi daban. Abdulfatah. Ba naka ba ne?"

Abdulfatah ƙanena ne. Ya rasu Rahma tana shekara biyu, tun ranar take gidana. Shekara takwas ke nan, ko yadin sallah ban taɓa yanka mata daga wani bandir daban ba. A gidanmu ba a cewa wannan 'yar wane ce. Wanda ya faɗa ma sai ya gamu da ni.

Na ce mata 'yata ce. Ta ce doka ce, katin iyali na 'ya'yan cikinka ne kawai, don mutane suna kwaso yaran unguwa. Wanda ba haka ba sai a yi masa katin baƙo, ruwan ɗorawa, dubu huɗu. Har da cewa wai ta yi mini sauƙi, dubu huɗu ba kuɗi ba ne a wajen oga kamar ni.

Wai baƙo! Yarinyar da na goya zuwa asibiti da ƙyanda. Na tambaye ta a wane gari aka haifi wanda ya rubuta wannan doka, ko shi ba shi da ɗan'uwa da ya mutu. Ta ce ba ita ta rubuta ba, manaja yana Abuja, kuma kuɗin da ya shiga ba ya fita. Mutane sun taru a bayanmu. Tabawa tana jan rigata, tana cewa in biya mu wuce.

Na waiga. Rahma tana kallon wuyan Salma. Ba ta yi kuka ba, ta dai matsa baya kaɗan, ta ce, "Baba, ku shiga, ni zan tsare mota."

Nan ne raina ya gama ɓaci. Kuɗin yana aljihuna, da na biya an wuce wurin. Amma sati goma sha biyu ke nan za ta yi tana yawo da wani launi a wuya, kowa yana karanta mata.

Na tambayi Madam ko kuɗin ɗaki zai iya komawa na kati, tunda bai fita daga akwatinsu ba. Ta duba littafi, ta ce zai iya. Na cire koren katin daga wuyan Jabir da Salma na tura mata ta taga.

"Ba ni ruwan ɗorawa guda uku. Dukkansu baƙi ne."

Ta ce, "Oga, ka yi asara fa. Ɗaki ya tafi."

Na ce na sani, na fi ta iya lissafi.

Da la'asar muka mayar da barguna cikin but ɗin mota. Yaran uku suna baya, jiƙe sharkaf, suna gardamar wa ya fi iya tuƙa kwale-kwale, katunansu iri ɗaya suna lilo a ƙirji. Tabawa ta ce ashe dai Kuru ba Makka ba ce. Allurar mai tana kan ja, ga layin mai tun daga Bukuru, na bi bayan wata tasi na kashe mota.