Na'ura Ba Ta Jira

Shekara ashirin da shida Mai Ganga yana yi wa ƙaninsa kiɗa, ƙanin yana waƙa, abin da aka samu a raba biyu. Da shi aka yi aure, da shi ake cefane. Sai ga su yau a ɗakin cin abinci na wani otal, kujeru a kife kan tebura, manaja yana gaya musu ƙiri-ƙiri cewa mutum ɗaya yake so.

"Muryarka nake buƙata, Malam," ya ce da ƙanin. "Duk Asabar, har shekara. Kiɗa akwai shi a na'ura. Ita ba ta cin abinci, ba ta neman kuɗin mota."

A gaban mai gangar fa yake faɗin haka, ko kunya babu. Aiki ya yi wuya, masu biki duk sun koma hayar lasifika, ga ƙanin nan da 'ya'ya bakwai. In ya amsa, wa zai ga laifinsa? Tsoro ya kama Mai Ganga, tsoron zaman gida.

"To, a gwada," in ji ƙanin, ko kallon yayansa bai yi ba. Wannan ta fi komai yi masa ciwo.

Aka kunna na'ura. Maganar gaskiya, kiɗan ba laifi. Baitin farko ya tafi sumul. A na biyu ƙanin ya tsaya jan numfashi, kiɗa ya wuce ya bar shi. Ya bi shi a guje, ya haɗiye rabin kalmomin, tari ya sarƙe shi. Sau uku ana sakewa, a wuri ɗaya yake faɗuwa. Wata mai goge tebur har ta juya baya tana dariya.

Manaja ya kashe abarsa. "Baba, ɗan taɓa mu ji."

Mai Ganga ya rataya ganga. Shi dama kafaɗar ƙaninsa yake kallo in yana kiɗa. Da ta ɗaga, sai ya ja kiɗan, ya ƙara ɗan salo, har numfashi ya dawo. Waƙa ta fita lafiya lau, kamar ba ita ta gagara ɗazu ba.

Manaja ya sosa ƙeya, ya ja tsaki. "Ku zo ku biyun. Amma abincin mutum ɗaya zan bayar."

A bakin ƙofa Mai Ganga ya sauke ajiyar zuciya, daɗi ya cika shi. Ya zunguri ƙanin. "Ja'iri, da gangan ka yi, ko? Saura kaɗan ka kashe ni."

"Ina ma da gangan ne, Yaya," in ji ƙanin. "Shekara uku ke nan numfashina ba ya kai ƙarshen baitin nan. Na ɗauka ka sani."

Bai sani ba. Ya dubi ƙaninsa, ya ga har yanzu ƙirjinsa na hawa da sauka. Sai ya rage sauri, suka taka a hankali zuwa bakin titi.