Iskar Tayoyin Baya

Da sandarsa Baba Sannu ya gane ana shirya masa wani abu.

Kullum da safe, kafin kowa ya sauko, sai ya lallaɓo daga bene yana dafe da ƙarfen matakala, ya zagaya jif ɗin ɗansa yana ƙwanƙwasa tayoyi. Babu wanda ya sa shi. Tirela ya tuƙa tun yana saurayi har gwiwa ta ce ta gaji, kuma don bai taɓa yarda ya yi gudu a hanya ba abokan aiki suka laƙaba masa Sannu, sunan ya biyo shi har gida. Irin mutumin nan ne da ko motar maƙiyinsa ya gani a tsaye sai ya duba mata taya.

Ran Laraba tayoyin gaba suka amsa yadda suka saba. Na baya kuwa sai suka yi wata ƙara mai tauri, sandar har tana dawowa. Ya laluba aljihu ya zaro tsohon gejinsa na auna iska, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance hular bawul ya danna. Arba'in da biyu. Ya zagaya ɗaya gefen, nan ma haka.

Baba ya san abin da masu ƙera motar suka rubuta a jikin ƙofar direba, ba sai ya buɗe ba. Talatin da biyar idan mota ba kaya, arba'in da biyu a baya idan za a cika ta taf. Shi kuwa ɗan nasa, wanda yake tsokana da Injiniya don ko inda ake zuba wa mota ruwa sai an nuna masa, daga shi sai jakar kwamfuta yake zuwa ofis. To kayan wa za a ɗauka?

Ya san amsar. Tun da ya zame a matakala watan jiya, 'yarsa Auta take kira daga garin da take aure, wai ya koma wurinta, gidanta ba bene, ga asibiti a kusa. Ya ce musu a ɗakin nan uwarsu ta cika, a nan shi ma zai cika. Duk suka ce, "To, Baba." Saurin wannan to ɗin ne bai kwanta masa ba tun ranar.

Wajen shan shayi ya bari sai da Injiniya ya kai burodi baki.

"Wa ya ba tayoyin bayanka iska?"

"Mai facin bakin titi ne, Baba."

"Kai ka ce ya cika su haka?"

Injiniya ya tauna burodin nan kamar an ba shi roba. "Ka san su, ba sa aunawa. Ya yi yawa ne?"

"Ga wanda zai je ofis, ya yi yawa."

Surukarsa, matar Injiniya, ta miƙe da sauri. "Baba, a ƙaro muku madara?"

Kwana biyun nan madara ta yawaita a gidan. An wanke masa bargo ba tare da ya tambaya ba. An kawo kwalaye an jibge a bayan firji, wai na maƙwabta ne. Idan wayar Auta ta shigo sai a shige ɗaki a tura ƙofa. Har jikarsa, 'yar ƙaramar da yake kira Uwargida, an koya mata rufe baki, sai dai ta dube shi ta yi dariya ta gudu.

Da hantsi ya taka har bakin titi. Mai faci yana zaune a kan tsohuwar taya, yana tsoma tub a bahon ruwa yana neman inda ke kumfa.

"Kai ne ka cika wa yarona taya kamar za ta fashe?"

"Haba Baba! Ni da kai muka san aikin nan. Shi ya ce in ba na baya iskar lodi, wai doguwar tafiya ce ran Asabar. Har kujerun can baya na taya shi cirewa." Ya ɗago kai yana murmushi. "Ashe tafiya za ka yi ba ko sallama?"

"Ashe," in ji Baba.

Ya dawo gida ransa a ɓace, ya zauna a bakin taga inda yake kallon manyan motoci suna wucewa. Ba tafiyar ce kawai ta ƙona masa rai ba. Shi da ya yi rayuwarsa yana ɗaure kaya, yau shi ake shirin ɗaurewa, kuma an gaya wa mai faci ba a gaya masa ba. Ya dubi gadon, ya dubi ƙusar da marigayiya matarsa take rataye mayafinta, wadda har yau bai bari an cire ba. Ya ce a ransa za a ga wanda ya san mota a gidan nan.

Ran Alhamis da sassafe ya danna wa bawul tsinken ashana, ya bar iska ta yi ta fita har tayar baya ta hagu ta zauna a ƙasa. Ya hau sama ya kwanta kamar bai san komai ba.

Injiniya ya makara ofis. Aka cire taya aka kai wa mai faci, ya tsoma a ruwa ya juya ya sake juyawa, babu ko ɗigon kumfa. Ran Juma'a ta dama ce ta zauna. Nan zargi ya tashi a gidan. Surukar ta ce maƙwabcin ƙasa ne, wanda suka taɓa sa-in-sa da shi a kan wurin ajiye mota. Injiniya ya ce a'a, mai faci ne yake sassauta bawul don a riƙa komawa wurinsa. Da yamma ya je ya faɗa masa haka a gaban mutane, bayan mutumin ya gama cika masa tayoyin. Mai faci ya jefar da sifana, ya rantse ko motar za ta kwana a bakin rumfarsa ba zai ƙara taɓa ta ba.

"Baba, kai me ka gani?" Injiniya ya tambaya da suka zauna cin abinci.

"Ni da ba a gaya wa komai, me zan gani?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Baba ya ji tausayin mai faci, mutumin da bai ci ba bai sha ba, amma ya daure ya ci gaba da cin abincinsa.

Asabar ta zo. Wannan karon ya yi niyyar zaunar da tayoyin biyu gaba ɗaya, tunda tayar safaya ɗaya ce a motar. Ya kwance hulunan bawul ya zuba a aljihu, ya sa tsinke a ta hagu, ya koma ta dama yana yi musu bi da bi, don gwiwa ba ta barinsa ya daɗe a gefe ɗaya. Bai kai rabi ba sai ya ji takun surukarsa a matakala, tana saukowa da kwali a ka. Ya zare tsinken ya miƙe, ya hau ƙwanƙwasa tayar gaba.

"Baba, kun tashi lafiya?" Ta kasa haɗa ido da shi, shi ma ya kasa haɗa ido da ita.

A nan tsakar gida Injiniya ya durƙusa ya gaya masa. Ya ce ba kora ba ce, tsoro ne. Ya ce ranar da aka kira shi a ofis aka ce Baba ya faɗo, bai san yadda ya tuƙo motar ba. Ya ce sun ɓoye ne don sun san zai ƙi. Baba ya zauna a kan benci yana kallo aka sauko da katifarsa, da akwatin ƙarfe, da kujerar bakin taga, da keken ɗinkin marigayiya, da kwalaye. Aka cika bayan motar har rufi, aka ɗaure saura a sama. Ɗaurin ma bai yi ba, amma ya ƙi magana.

Mota ta ɗauki nauyi, tayoyin baya suka baje ciki. Ba su zauna ba, ido ba zai ce sun yi laushi ƙwarai ba, kuma wannan ne mugun abin. Baba ya san me ke faruwa da taya mai ƙarancin iska idan ta ɗauki kaya a kan kwalta mai zafi. Gefenta zai yi ta lanƙwashewa yana ɗumi, ba ƙara ba gargaɗi, sai an yi nisa an saki jiki ta tarwatse. Ya sha tsayawa a gefen hanya yana taya mutane ɗaga mota daga kan 'yan'uwansu.

Uwargida ta riga kowa shiga. Ta zauna a kujerar baya ta hagu, daidai saman tayar, ta manna hanci a gilashi tana yi masa gwalo.

"Tayoyin nan ba su da iska," in ji Baba.

"Jiya da yamma aka cika su, Baba. Nauyi ne."

"Na ce maka ba su da iska. A tsaya a duba."

"Wa zai duba? Mai faci ya ce ba zai taɓa ta ba. Idan mun ga gidan mai a hanya sai mu tsaya."

Baba ya san wannan tsayawar. Injiniya idan ya hau babbar hanya, ko fitsari sai an roƙe shi.

"Ba inda motar nan za ta je a haka."

Injiniya ya ja numfashi, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, don Allah ban da dabara. Na san ba ka son tafiyar. Auta na jira, rana na yi. Shiga mu tafi."

Abin ya soke shi. Tunda yaron nan ya zo duniya bai taɓa musa masa a kan mota ba, sai yau da maganar take gaskiya. Duk abin da zai ƙara faɗa, dabara za a kira shi. Hanya ɗaya ta rage a yarda da shi, kuma ya san idan ya bi ta, babu sauran abin da zai tsayar da tafiyar.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hulunan bawul guda biyu da tsinken ashana, ya buɗe tafinsa a gaban ɗansa.

Injiniya ya dubi tafin, ya dubi tayar, ya dubi uban. Surukar ta kama baki ta juya baya.

"Auna," Baba ya miƙa masa geji.

Injiniya ya durƙusa ya auna. Ashirin da uku. Ɗaya gefen bai kai haka ba.

"Akwai famfon ƙafa a akwatina na ƙarfe, can ƙasa. Ciro shi."

Sai da aka sauke rabin kayan kafin a kai ga akwatin. Injiniya ya ce shi zai buga, Baba ya ture masa hannu. Ya dafa jikin motar ya ɗora ƙafarsa mai ɗan dama-dama a kan famfon, ya shiga takawa. Tayar jif ba tayar keke ba ce. Gumi ya jiƙa masa riga, gwiwar tana ƙara, yana yi yana hutawa yana aunawa. Da ya gama ta hagu ƙafar ta ƙi ɗaguwa, dole ya bar wa ɗan ta dama, ya tsaya a kansa yana cewa ƙara, ƙara, tsaya haka. Ya auna da kansa. Ya mayar da hulunan ya ɗaure. Sannan ya sa aka kwance igiyar saman aka sake ɗaurewa yadda ake ɗaure kaya.

"Ka tsaya a bakin titi," ya ce. "Akwai wanda zan ba haƙuri."

Bai koma sama ya ga ɗakin ba. Surukar ta buɗe masa ƙofar gaba tana share ido da bakin mayafi. Kafin ya shiga ya kamo hannun Injiniya ya danƙa masa gejin.

"Baba, naka ne."

"Can ba mota. Riƙe. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi, kada ka yarda da ido." Ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya shigar, ya zauna, ya ajiye sandar a tsakanin gwiwoyinsa. "Kuma wannan iskar ta kaya ce. Idan ka sauke ni, ka rage ta kafin ka juyo."