Jaririn da ke Gidan Glenys

Lindsay Prowse yana tura kwalin takalmi ƙarƙashin kujera da ƙafa ke nan ya ji tsayuwar motar Coral Doolan a tsakar gida. Ya yi wuf ya ɗauki jaridar makon jiya ya buɗe, kamar wanda tun asuba yake karatu.

Coral ba ta san ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ita ke riƙe da makullin cocin Katolika na garin, kuma ƙawar matarsa Glenys ce tun suna 'yan makaranta. Ta shigo tana fifita da malafarta, zufa na bin wuyanta, don a ƙasar nan Disamba tsakiyar lokacin zafi ce.

"Arne, kana raye? Na zo ɗaukar Yaron."

"Wane yaro?"

"Kar ka raina min hankali. Yau ashirin da huɗu ga wata."

A cocin nan, tun farkon Disamba ake jera mutum-mutumin Maryamu da Yusufu da makiyaya, har da wani jaki mai kunne ɗaya. Komin dabbobin ne kawai ake bari wayam sai jajibirin Kirsimeti, ranar da ake kawo jariri Yesu a kwantar. Sauran kwanakin shekara ba a jefa shi ɗakin ajiya, gidan mai riƙo yake zama. Glenys ta riƙe shi shekara talatin da ɗaya, a watan Afrilu ta rasu. Ƙa'ida ce kuwa mai riƙo ya zama ɗan coci, don haka in Yaron ya fita daga gidan nan yau, hannun Coral zai koma, ba kuma zai dawo ba.

"Na duba ko'ina," in ji Lindsay, idonsa a kan jarida. "Wataƙila ya bi kayanta da na bayar sadaka."

"Ka bayar da Yesu sadaka?"

"Yumɓu ne da fenti, Coral. Ku sayi wani. Ai dama labarin gaba ɗaya haka yake. Yarinya ta wayi gari da ciki, ta ce mala'ika ne ya kawo mata saƙo, Yusufu kafinta ya gyaɗa kai, ku kuma shekara dubu biyu kuna rera waƙa."

Coral ta zauna a kan kujerar, daidai saman kwalin. Lindsay ya ƙara ɗaga jaridar ya kare fuskarsa.

"Ji mai magana," ta ce. "Kai da ka yi shekara arba'in kana zaga gonaki da sirinji, kana sa wa shanu ciki ba tare da bijimi ya ko shinshine su ba. Kai ne za ka ce mana ba ta yiwuwa?"

"Akwai bijimi mana. Yana can jihar Victoria yana cin ciyawa, rabonsa ne ke zuwa a daskare cikin kwalba. Ban taɓa ganin ɗan maraƙi ba uba ba, kuma na duba shanu fiye da yadda Fada, limamin cocinku, ya duba littafi."

Ta yi dariya, sai dai dariyar ba ta yi nisa ba. Da, Glenys ce ke shiga tsakani a nan, ta ce su biyun duk su rufe mata baki shayi zai huce. Yanzu sai ƙarar fanka kawai.

Coral ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ƙarfe biyar za a fara sujada, Fada yana da garuruwa uku yau. In ba ka gan shi ba, 'yar tsanar jikata zan kwantar. Mai gashin gwal ce, in an matsa mata ciki tana cewa mama. Alhakin yana wuyanka."

Da ƙarar motarta ta ɓace, ya durƙusa da ƙyar ya jawo kwalin.

Yaron bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Yatsunsa biyu Glenys ce ta liƙa su da gam, ta shafe gurbin da jan farce, shi ya sa launin bai zo ɗaya ba. A naɗe yake cikin farin mayafin ulu da ta saƙa a shekararsu ta biyu da aure, lokacin da al'adarta ta yi jinkirin mako uku suka ɗauka abin ya samu. Bai samu ba, ba a lokacin ba, ba kuma daga baya ba. Likitocin birni sun yi ta gwaje-gwaje har suka gaji. Ita tana kunna kyandir a gaban Maryamu, shi yana yini a gonakin mutane hannunsa cikin saniya yana yi musu albishir.

Nan ne gizo ke saƙar, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ba lissafin bijimi ne ya raba shi da labarin ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce an ba wata ɗa ba ta roƙa ba, tasa matar kuwa ta yi shekara ashirin a durƙushe ta tashi hannu rabbana. Ranar da aka ba ta riƙon Yaron ta dawo gida tana murmushi, ta ciro mayafin daga ƙasan akwati ta naɗe shi. Lindsay ya yi mata ba'a ranar, kuma har yau abin yana ci masa rai.

Tun bayan jana'iza, kullum da safe yakan fito da kwalin ya ajiye a tebur gefen da take zama, ya sha shayinsa. Ba addu'a yake yi ba, bai ma san yadda ake yi ba. Kaɗaici ne kawai yake raguwa kaɗan in akwai wani abu a wancan gefen.

Ƙarfe huɗu ta yi. Ya yi ta ƙoƙarin kawar da tunanin 'yar tsana mai gashin gwal kwance a inda Glenys ke kwantar da Yaronta, tunanin ya ƙi tafiya. Ya yi tsaki, ya nemo makullin mota.

Hanya ta yi zafi har kwalta na walƙiya, gonakin alkama duk an girbe. Ya tsaya a inuwar bishiyar turare da ke tsallaken cocin, bai kashe inji ba. Motoci bakwai ne a harabar. Ya danna oda sau biyu.

Coral ta fito, ta tsallako titi. Ya miƙo kwalin ta taga yana kallon gabansa.

"A bayan firiji na gan shi."

Ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallon mayafin, don ta san shi, tana zaune a gefe aka saƙa shi. Sannan ta lura da wani zagayen tabo a murfin kwalin, irin na gindin kofin shayi, sabo a kan tsoho, sun fi a ƙirga. Ta mayar da murfin.

"Ba za ka shigo ba? Akwai fanka."

"A'a."

"To." Ta rungume kwalin. "Shida ga Janairu muke kwashe kayan. Ka zo da safe ka ɗauke shi. Gidana jikoki sun yi yawa, kwana biyu za su cire masa kai."

"Ƙa'idarku fa?"

"Makulli a hannuna yake."

Lindsay ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya yi gyaran murya.

"Ki sani fa, ban yarda da ko kalma ɗaya ba. Budurwa ba ta haihuwa."

"Wa ya tambaye ka?"

Ta juya. Har ta kai tsakiyar titi ya leƙo da kansa ta taga.

"Coral! In kin kwantar da shi, ki rufe masa ƙafafu."

"A wannan zafin?"

"Ki dai rufe," in ji shi. "Haka take yi."