Igiyar Tanki

Masai ɗinmu ya fara toshewa ne tun da Baba ya sayi sabon keken ɗinki mai aiki da lantarki. A lokacin babu wanda ya haɗa abubuwan nan biyu.

Banɗakin yana tsakanin ɗakuna biyu. Ta dama shagon Baba ne, inda yake ɗinki daga safe har yamma. Ta hagu ɗakin Kaka ne, mahaifiyar Umma, wadda ta dawo wurinmu da zama tun da gwiwoyinta suka ƙi. Saboda ita aka fasa masai na tsuguno aka sa na zama, fari tas, da tankinsa a baya da ɗan hannu na ƙarfe. Bangon kuwa sirit yake. In ka yi atishawa a ciki, mai gwada riga a shago sai ya ce maka sannu.

Na taɓa bin wani mai gyaran famfo kafin in koma wankin mota, daga can kuma in koma gyaran waya. Don haka duk ranar da ruwa ya taso ya tsaya cak yana kallon mutum, ni ake kira. In ɗauko robar nan mai sanda in yi ta dannawa har kafaɗata ta sage. In ta ƙi, in zura doguwar waya. Ya buɗe, kowa ya sa mini albarka, kafin mako ya zagayo ya sake toshewa.

"Angona," in ji Kaka, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona da bokiti, "wannan ce sana'ar da ka fi daɗewa a cikinta. Ka riƙe ta da kyau."

"Don ke nake yi, amarya. Ba don ke ba da tuni na bar garin."

"Ka bari mana. Wa zai yi kukanka? Ƙafar-yawo kawai."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban taɓa zaro komai ba. Babu tsumma, babu leda, babu ko murfin kwalba. Na buɗe ramin waje na leƙa, bai cika ba. In na ja hannun tankin da kaina, ruwa ya sauko da ƙarfi, ya yi ƙugi, ya wuce lafiya lau.

Wata rana muna cin abinci Baba ya ajiye cokali.

"Na gaji," ya ce. "Ɗazu ina auna wa wani mutum wando ya tambaye ni ko ɓera ne ya mutu a shago. Ƙarshen mako mai gyaran famfo zai zo ya cire kujerar nan, a mayar da irin na da. Shi bai taɓa ba mu kunya ba."

"Inna fa?" in ji Umma. "Da wace gwiwar za ta tsuguna?"

Baba ya rage murya duk da Kaka tana ɗakinta. "Ba korar ta nake ba, kin sani. Amma yayanki yana da irinsa a gidansa, kuma nasa ba ya toshewa. Ya sha cewa ta koma can."

Gidan Kawu can saman bene yake a ƙarshen gari. Shi da matarsa da safe suke fita aiki su kulle ƙofa. In Kaka ta hau benen nan da waɗannan gwiwoyin, ba ta da ranar saukowa. A nan kuwa tana da barkononta da ta shuka a gwangwanaye, tana da maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara da suke hira ta katanga, tana da ni da take zagi don nishaɗi.

Bangon nan bai ɓoye mata komai ba. Da yamma na leƙa na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a akwati.

"Ina zuwa, amarya? Yaji za ki yi?"

"Iska nake ba su," ta ce, ba ta ɗago ba.

Washegari da safe na ɗebo ɗan baƙin zare a shagon Baba, irin wanda ko yaro ya ja zai tsinke. Na ɗaura shi a hannun tankin, na ɗaure ɗaya bakin a ƙusar da ake rataye tawul. Duk wanda ya ja ruwa dole zaren ya tsinke. Umma ta tafi kasuwa, ƙannena suna makaranta. Na zauna a tsakar gida ina kwance wata tsohuwar waya.

Kaka ta shiga da butarta, ta jima, ta fito. Ban ji ƙugin ruwa ba. Na leƙa, zare yana nan daram.

Na bi ta ɗaki na durƙusa kusa da gadonta.

"Kaka, hannun tankin nan yana yi miki tauri ne?"

"Me ka gani?"

"Na ga ba kya ja."

Ta harare ni, ta dubi bango, sannan ta ja kunnena kusa da bakinta.

"Kai ba ka da kunya, shi ya sa. Mutumin nan yana zaune a bayan bango. In ja abin nan ya yi ta ruri kamar injin niƙa, ya san daga inda na fito? Surukina? Da can kekensa na ƙafa yana ƙara, ina jin ya taka sai in ja, babu wanda ya ji wani. Wannan sabon kuwa munafuki ne, ko numfashi ba ya yi. Sai in zuba ruwan buta a hankali in fito abina."

"Kaka, ruwan buta ba ya kai kaya ko'ina. A wuyan bututu yake barin sa."

"In ka faɗa wa ubanka, na sake ka."

Na fito ina danne dariya. Ina shirin zuwa in cire zaren sai Baba ya fito daga shago da tasa butar, ya shiga, ya rufe ƙofa. Na koma na zauna. Ya jima. Ya fito yana gyara hula, ya wuce. Shiru kake ji. Na leƙa, zare yana nan yadda na bar shi.

Na same shi a shago yana yanka yadi.

"Baba, zarenka yana da ƙarfi. Na ɗaura shi a hannun tanki tun safe bai tsinke ba."

Almakashin ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Rufe ƙofar nan."

Na rufe.

"Gadon Inna a jikin bangon yake," ya ce. "Kai in kai ne, za ka ja? Tun ranar da ta zo gidan nan ban taɓa hannun nan ba. Kuma da ba ya toshewa."

"Da can akwai mai ja a bayanka."

Bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba.

Da Umma ta dawo na ja ta kicin na faɗa mata. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta yi ta dariya har da hawaye, tana toshe baki da gefen mayafi.

"Bari in je in gaya musu su biyun."

"In kika gaya musu, Kaka da kanta za ta kira Kawu yau ɗin nan. Baba kuma ya koma shiga na masallaci."

"To ya za ka yi? Ka cire wa ruwa murya?"

Ba a cire wa ruwa murya. Amma ana iya sa kowa ya daina sanin na wane ne. Na samo igiyar shanya, na ɗaura ta a hannun tankin, na bi da ita ta wata ƙaramar ƙugiya a bango, na fitar da ita ta tagar banɗakin zuwa tsakar gida. A bakinta na ɗaura kwarkwaron zare da ya ƙare, don a ji daɗin kamawa. Da yamma na tara gida.

"Na gano ciwon," na ce, na sha mur irin na masu gyara. "Bututun ne yake bushewa. Yana son ruwa a kai a kai. Duk wanda ya zo wucewa ta nan, ko ya shiga ko bai shiga ba, ya ja igiyar nan."

"Bututu yana bushewa," Baba ya maimaita, yana shafa gemu. "Haka ne. Na taɓa jin haka."

"Ni ma na taɓa ji," in ji Kaka.

Umma ta shige kicin da sauri.

Ƙannena suka mayar da igiyar abin wasa har sai da Umma ta ce ruwa ba kyauta ba ne. Amma kafin nan kunnen gidan ya saba. Tanki ya yi ruri, babu mai ɗaga kai. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, Baba bai kira mai gyaran famfo ba. Robata mai sanda ta bushe a bayan ƙofa.

Wata safiya ina wanke fuska a bakin famfo, Kaka ta fito daga banɗaki ta zagaya a hankali kamar mai duba barkono. Daidai lokacin Baba ya fito daga shago zai wuce. Hannuwansu suka nufi kwarkwaron tare. Duk suka tsaya.

"Ina kwana, Inna," Baba ya rusuna. "Bismillah."

"A'a, Malam, ni shanya na zo dubawa. Ja abinka."

"Ni ma wucewa kawai nake. Saboda bututun."

"Saboda bututun," ta ce. "Kada ya bushe."

Baba ya ja, ruwa ya yi ƙugi ya wuce. Kaka ta juyo ta gan ni ina kallo.

"Kai kuma me kake wa baki buɗe? Zo ka ɗora mini akwatin nan a kan kwaba, ya tare mini hanya."