Ƙaramin Murhun Kaka Tokie

Ina shekara sha huɗu duniya ta fara narke mini. Gonar shinkafarmu sai ta tashi ta tsaya a sama, kifaye na iyo a tsakanin rassan itatuwa, ni kuwa ina tafe kamar a cikin ruwan ɗumi. Gaskiya da daɗi. Abu ɗaya ne ba daɗi: in Inna ta shigo, sai in ga wata mata ce ta ari fuskarta.

Sai in ce mata, "Baiwar Allah, ina kika kai mini uwata?"

Bayan kwana takwas in farka garau, in tarar da idon Inna a kumbure. Da aka yi haka sau biyar, Baba ya ce a kai ni asibitin masu taɓin hankali can birni, inda ake shiga ba a cika fitowa ba. Likita Kuwabara ya zo da takarda har gida, saura Inna ta buga hatiminta.

Kakata Tokie tana nan kan al'adar da: mace mai jinin wata ba ta cin girkin wutar gida, sai a hura mata ƙaramin murhu a bayan ɗaki. Inna ta tsani abin nan, ƙauyanci take ce masa.

"Likita, duk karatun nan naka ba ka tambayi yaushe abin ke zuwa ba?" in ji Kaka. "Sau biyar na hura wa jikata Mitsue murhu, sau biyar hankalinta ya tafi. Ina kashe wutar yake dawowa."

Likita ya cire tabarau. Ya ce akwai ciwo irin wannan, mai bin jinin wata. Ana iya maganinsa a gida, wasu ma yakan sake su in sun girma, amma mai jinya za ta sha wuya. Kowa ya juya ya kalli Inna.

Ni kuwa tuni bangon ɗakin, wanda da takarda aka yi shi, ya fara numfashi a hankali. Tsoro ya kama ni, na riƙo hannun rigarta.

"Inna, jibi zan sake ce miki baƙuwa. Ki yafe mini tun yau."

Ta dube ni.

"To sai me? Kira ni duk abin da kika ga dama, ni dai na san wadda na haifa. Likita, naɗe takardarka."