Buhu Ɗari a Kan Ƙafa Huɗu

Ran wata Laraba ƙarti goma suka hau gadon tankin ruwa a Ƙafin Maiyaki, daga ranar kuma Lubabatu ta daina yarda da mijinta.

Mijin shi ne Malam Ɗahiru, wanda ya shekara talatin yana aikin ruwa a Tudun Wada kafin ya yi ritaya. Wanda ya haɗa gadon kuwa ƙaninta ne, Sagir, mai walda da aka wayi gari ana ce wa injiniya don ya sayi farar hular roba. Unguwa ta ba shi aikin ɗora tanki mai cin lita dubu goma a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Don ya nuna ƙarfin aikinsa, ya sa mutanen suka hau suka yi tsalle. Jama'a suka yi tafi.

Malam Ɗahiru bai tafa ba. Ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da makullin babur, ta amsa kamar gwangwanin madara. Sai ya yi lissafi a ka yadda ya saba, na ƙiyasi, ba na takarda ba. Jarka lita ashirin da biyar take ci, huɗu sun kai nauyin buhun masara. Tankin jarka ɗari huɗu ne, buhu ɗari ke nan. Ƙarti goma kuwa, ko sun ƙoshi da tuwo, ba su wuce buhu bakwai ba.

Ya ce, "Sagir, za ka ɗora masara buhu ɗari a kan wannan, ka shimfiɗa tabarma a ƙasa?"

Sagir ya ce, "Yaya, ai ruwa za mu zuba, ba masara ba."

Aka yi dariya. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: tsoho ya ji haushi don ba a nemi shawararsa ba. A gida Lubabatu ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa da inda ta saba.

"Malam, tsakaninka da Allah, lissafi ne ko haushi?"

Ya ce lissafi ne. Ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai awo idan mudunsa ya lotsa.

Aka kunna injin mai aiki da hasken rana, ruwa ya hau, tanki bai faɗo ba. Aka yi mako, aka yi wata. 'Yan acaba suka raɗa wa Malam Ɗahiru suna Buhu Ɗari. Ya sake lissafin sau uku yana neman kuskurensa, bai samu ba. Mutum yana iya kuskuren buhu goma, ko ashirin, amma ba ya ɗaukar bakwai ya ce ɗari. Ƙarfe kuma ba ya jin kunyar kowa. To me ke riƙe da shi?

Ana buɗe famfunan ne bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi injin ya tsaya. Malam Ɗahiru ya ɗauki kujera ya zauna a inuwar kanti yana jan carbi, masu wucewa suka ce tsoho ya koma ga Allah. Jarkoki yake ƙirgawa. Ranar farko ruwa ya yanke a casa'in da shida. Washegari ɗari da uku. Ba ɗari huɗu ba.

Ya zagaya bayan katangar da ke jikin tankin. Can ya ga wani siririn bututu ya fito daga cikin tankin, ƙasa-ƙasa, daidai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, ya gangara zuwa kwamin da Sagir ya gina wa shanun Fulani. Har liman ya yabi wannan kwami a huɗuba. Duk ruwan da ya haura bututun, shanu ke shanye shi. Tankin bai taɓa cika ba, kuma ba za a bari ya cika ba.

Ya sami Sagir a shago. Ya ɗaga masa yatsu huɗu, ya naɗe uku ya bar ɗaya. Sagir ya kashe injin walda, ya cire baƙin tabarau. Ya ce tun ranar Larabar shi ma ya zauna ya ƙirga buhunan, ya kasa cin abinci, shi ya sa ya saka bututun. Ya yi alkawarin sauya ƙafafun da kaka.

"Don Allah, Yaya, kada Yaya Lubabatu ta ji. Ita ta raine ni."

Malam Ɗahiru ya yarda zai jira kaka. Wata huɗu ne kawai, ya ƙiyasta, mutum yana iya haƙurin wata huɗu.

Wannan lissafin ne ya kuskure. Zazzaɓi ya kama Lubabatu a tsakiyar damina, kwana biyar aka yi ta rasu. Da kaka Sagir ya sauya ƙafafun, ya ce wa unguwa tsatsa ce, aka sake yi masa tafi.

Har yau ana ce wa tsohon Buhu Ɗari, yana kuma amsawa. Abin da bai samu ya gaya mata ba gajere ne: lissafi ne, Lubabatu, ƙaninki ma ya sani.